Tallata Linux ga 'yan kasuwa

Tallata Linux ga 'yan kasuwa shi ne ƙoƙarin da kamfanoni da ƙungiyoyin sa-kai suke yi domin shawo kan masu sana'a, kamfanoni da ofisoshi su ɗora Linux a kan kwamfutocinsu a maimakon Windows ko wata babbar manhaja ta saye. Linux babbar manhaja ce, wato wadda ke sarrafa kwamfuta gaba ɗaya. Linus Torvalds ne ya fara rubuta ƙashin bayanta a shekarar 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, aka haɗa shi da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya sanar a 1983. Lasisinta na GPL ya ba kowa damar kwafa, gyarawa da rarrabawa. Saboda haka mai tallar Linux ba manhajar yake sayarwa ba, abin da yake sayarwa shi ne kulawa, gyara da horar da ma'aikata.

Tarihi

Stallman ya gina kiransa a kan 'yancin mai amfani da manhaja. Sai dai kalmar Turancin da ya zaɓa tana nufin 'yanci, tana kuma nufin kyauta, abubuwa biyu da Hausa ta raba su sarai. Shugabannin kamfanoni da yawa ma'ana ta biyu suka ɗauka, suna ganin abin da aka bayar kyauta ba shi da mai ɗaukar alhakinsa. A farkon 1998, bayan kamfanin Netscape ya sanar zai buɗe rubutun asali na manhajarsa ta shiga intanet, Christine Peterson ta kawo sunan da ke nufin buɗaɗɗiyar manhaja. A wannan shekarar ce Eric Raymond da Bruce Perens suka kafa Open Source Initiative, da nufin yi wa 'yan kasuwa magana ta fuskar inganci da riba. Stallman bai yarda da sabon sunan ba.

Kamfanin Red Hat na Amurka ne ya nuna ana iya cin riba da wannan hanya. Ya shiga kasuwar hannun jari a 1999, ya koma karɓar kuɗin kulawa na shekara-shekara, kuma a 2012 kuɗin shigarsa na shekara ya haura dala biliyan 1. IBM, wanda tun a shekarar 2000 ya sanar zai zuba dala biliyan 1 a harkar Linux, ya saye Red Hat a 2019 a kan dala biliyan 34. A 2004 Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya kafa Canonical ya fitar da Ubuntu. Har zuwa 2011 kamfanin yana aika faifan CD na Ubuntu kyauta ta gidan waya ga duk wanda ya nema, abin da ya taimaka a ƙasashen da intanet ke da tsada. Fitowar Ubuntu mai dogon zango, wadda ake sabuntawa tsawon shekara 5, ita aka fi nuna wa kamfanoni.

Microsoft ya mayar da martani da tallan da ya sa wa suna Get the Facts, inda ya ce idan aka haɗa kuɗin horarwa da na ma'aikata, Windows ta fi araha. Tun daga nan muhawarar ta koma kan jimillar abin da kamfani zai kashe, ba farashin faifai kaɗai ba.

A Najeriya

A tsakiyar shekarun 2000 kamfanin Leapsoft ya fitar da Wazobia Linux, wadda aka yi niyyar ta yi aiki da Hausa, Yarabanci da Ibo. Sunan haɗin kalmar "zo" ce a harsunan uku. Manhajar ba ta yaɗu ba.

Lamarin da ya fi jan hankalin duniya ya faru a 2007. Kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin ɗora Linux a kan ƙananan kwamfutocin Intel Classmate guda 17,000 na makarantun Najeriya. A ƙarshen watan Oktoba shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, yana kukan cewa an shaida masa za a biya Mandriva kuɗinta amma za a goge manhajar a sa Windows. Daga baya asusun USPF na gwamnatin tarayya, wanda ya ɗauki nauyin 11,000 daga cikin kwamfutocin, ya ce yana son a bar Linux a kansu. Mandriva kanta ta rufe a 2015.

A arewa, an yi taron FOSS Nigeria a Jami'ar Bayero ta Kano a 2009, wanda wasu masu aikin manhajar KDE daga Turai suka halarta. A 2012 kuma ƙungiyar FOSSFA ta Afirka ta yi taronta na Idlelo a Abuja. Ɗalibai da malamai ne suka fi cin moriyar irin waɗannan taruka.

Halin ƙananan sana'o'i a Sakkwato

A birnin Sakkwato, ƙananan sana'o'in da suka dogara da kwamfuta sun haɗa da shagunan buga takardu da fotokwafi da ke hidima ga ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da masu zanen katin biki da allunan talla, da makarantu masu zaman kansu, da shagunan magani. A irin waɗannan wurare babbar hujjar mai tallar Linux, wato rashin biyan lasisi, ba ta da ƙarfi sosai. Binciken ƙungiyar BSA ya ƙiyasta cewa a 2017 kusan kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kan kwamfutoci a Najeriya ba su da lasisi. Wanda ya sayi kwamfuta ta gwanjo da Windows a kanta, ko mai gyara ya sa masa a kan 'yan kuɗi kaɗan, bai ga abin da zai rage ba.

Cikas na biyu shi ne kayan aiki. CorelDRAW da Photoshop, waɗanda masu zane suka koyi sana'a da su, ba su da nau'in da kamfanoninsu ke fitarwa don Linux a yanzu. Akwai madadinsu, wato Inkscape da GIMP, kamar yadda LibreOffice ke madadin Microsoft Office. Amma ɗalibin da ya kawo aikinsa na kammala karatu a filashi ba zai yarda shafuka su goce ba, kuma LibreOffice takan sauya tsarin wasu takardun Word. Na uku shi ne mai gyara. Idan firinta ta ƙi aiki ana cikin hada-hadar rajista, mai shago yana buƙatar wanda zai kira ya zo nan take, kuma yawancin masu gyara Windows suka sani. Abin da Red Hat ke sayar wa manyan kamfanoni, shi ne ƙaramin ɗan kasuwa ya rasa.

Hujjojin da suka fi karɓuwa su ne na yau da kullum. Ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke yawo a filashi daga shago zuwa shago, mafi yawansu don Windows aka rubuta su, ba sa aiki a Linux. Nau'o'i marasa nauyi irin su Lubuntu da Linux Mint Xfce suna gudu a kan tsofaffin kwamfutoci. Abin lura ma shi ne 'yan kasuwar garin sun daɗe suna amfani da Linux ba tare da an tallata musu ba, domin Android da ke kan wayoyinsu da kan na'urorin POS da yawa a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta.

A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina sabunta Windows 10 ga jama'a gaba ɗaya. Windows 11 kuwa tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da sabon nau'in ƙwaƙwalwar kwamfuta, waɗanda tsofaffin kwamfutocin gwanjo da yawa ba su cika ba. Masu goyon bayan Linux a ƙasashe daban-daban sun ƙaddamar da gangamin End of 10 a kan haka, suna kiran mutane su ɗora Linux a maimakon jefar da kwamfutocin da ke da sauran aiki.