Makarɓar Istirojin: Yadda Take Sarrafa Ƙwayoyin Gado

Istirojin sinadari ne na homon wanda ƙwan mace ke samar da mafi yawansa. Shi ke tafiyar da balaga da jinin haila, yana kuma kare ƙarfin ƙashi. Sai dai ba ya aiki sai ya haɗu da wani furotin da ke cikin ƙwayar halitta, wanda ake kira makarɓar istirojin. Masanin Amurka Elwood Jensen ne ya gano ta a 1958, sannan a 1996 masu bincike a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka gano nau'i na biyu. Ana kiran su alfa da bita.

Idan istirojin ya shiga ƙwayar halitta ya manne wa makarɓa, siffarta kan sauya, ta haɗu da wata su zama biyu. Su biyun sai su kama wani gurbi na musamman a kan zaren DNA, su jawo wasu furotin da ke buɗe ƙwayar gado ko rufe ta. Ta haka ake umartar ƙwayoyin nono da na mahaifa su hayayyafa. Wannan ne ya sa mafi yawan sankarar mama ke girma da istirojin, kuma ake magance ta da tamoksifen, wanda ke toshe makarɓar.

Makarɓar tana riƙe DNA ne da wasu sassa biyu masu kama da yatsu, kowanne ɗauke da ƙarfen tutiya. Gwaje-gwaje sun nuna cewa dalma na iya ƙwace gurbin tutiya a ire-iren waɗannan furotin, ta dagula aikinsu. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya danganta yawan dalma a jini da jinkirin balagar 'yan mata.

A nan batun ya shafi Zamfara. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubbai magani. Dalma kan ɓuya a ƙashi shekaru masu yawa, ta koma jini lokacin goyon ciki da shayarwa. 'Yan matan da suka tsira yanzu sun kai shekarun aure, don haka ya kamata a auna dalmar jininsu a lokacin awon ciki.