Goron da Ya Dawo a Kwalba

Wanda ya tsaya a tashar Gaya ko kasuwar Ajingi da zafin bazara ya sayi Coca-Cola mai sanyi, da wuya ya san cewa rabin sunan nan namu ne. "Cola" goro ke nan. Shekaru aru-aru fataken Kano, Agalawa da Tokarawa, suna kora jakuna zuwa Gwanja su sayo shi, kafin wani mai haɗa magunguna a Amurka, John Pemberton, ya sa shi cikin abin shansa a 1886.

Da lemon ya isa Indiya, bai zauna yadda ya zo ba. Kamfanin ya bar ƙasar a 1977, 'yan ƙasa suka fito da nasu, Thums Up. Har gobe masu abincin bakin titi suna zuba masa baƙin gishiri, lemun tsami da kayan yaji kafin su miƙa wa mai saye.

Mu ba mu yi wa kwalbar haka ba, domin muna da namu mai yaji: zoɓo da lamurje, masu citta da kanumfari. Matan aure ke haɗawa a cikin gida, yara su kai talla, ribar ta zama kayan ɗakin 'ya mace.

Sai dai yau a gidan biki kwalba ake ajiye wa babban baƙo, zoɓon leda na yara ne. Busasshen zoɓon kuwa ana loda shi buhu-buhu zuwa Meziko. Haka goro ya fita, ya dawo da tsada.