Gidajen Kayan Fasaha da Koyar da Matasa Ɗaukar Hoto: Darasi daga Harlem

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin yadda gidajen kayan fasaha na birnin Niyu Yok, a ƙasar Amurka, suka fara koyar da matasa zane da ɗaukar hoto. Abin da ake nufi da gidan kayan fasaha a nan shi ne gidan da ake adana zane-zane da sassaƙe-sassaƙe da hotuna domin a nuna wa jama'a. Matasa kuwa su ne samari da 'yan mata da ke makarantar sakandare. Za a mai da hankali a kan unguwar Harlem, wadda ta daɗe tana zaman cibiyar Baƙaƙen Amurka, domin a nan ne aka fi tayar da jijiyar wuya a kan tambayar da ke ƙarƙashin wannan tarihi, watau, wa ke da ikon nuna wa duniya kamannin wata al'umma? Abin da maƙalar za ta yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, miƙa wa matashi kyamara ko alƙalami abu ne mai sauƙi, amma amfaninsa ko cutarwarsa ya rataya ne a kan yadda manya suka tsara aikin, da kuma yawan ikon da suka bar masa a kan abin da ya yi.

2.0 Mafarin Al'amarin

Tun a 1899 aka buɗe gidan kayan tarihi na yara a Brooklyn, wanda shi ne irinsa na farko a duniya. Sai dai ƙananan yara aka nufa da shi. Matashi ya faɗa tsakani: ya girmi ɗakin yara, bai kuwa kai a ɗauke shi babban mai kallo ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka dubi wannan giɓi da idon basira shi ne wani malamin zane mai suna Victor D'Amico. A 1937 gidan fasahar zamani na Niyu Yok, wanda aka fi sani da MoMA, ya ɗauke shi ya shugabanci aikin ilimantarwa, kuma a shekarar aka buɗe wani ɗakin nuni domin 'yan sakandare. Sabon abin da ya zo da shi shi ne, ɗaliban da kansu suna da hannu wajen zaɓen ayyukan da za a nuna. A 1942 ya ƙara da wani taron fasaha na yara, inda yaro zai shiga ya taɓa kaya ya yi zane, iyaye kuwa su tsaya daga waje. A ra'ayin D'Amico, kwaikwayon zanen malami yana kashe basirar yaro. Shirin ya yi suna har aka kai shi babban baje kolin duniya na Brussels a 1958, da ƙasar Indiya a 1963. Amma bai isa Harlem ba, wadda ke cikin birnin da aka haife shi, sai a 1969, a ƙarƙashin jagorancin wata mai zane Baƙar fata, Betty Blayton-Taylor. Wannan jinkiri ya isa ya nuna nisan da ke tsakanin manyan gidajen da unguwannin talakawa.

3.0 Rikicin 1969

A watan Janairu na 1969 gidan Metropolitan, wanda ya fi kowane girma a birnin, ya buɗe wani nuni mai suna Harlem on My Mind, watau Harlem a Zuciyata. Shugaban gidan a lokacin shi ne Thomas Hoving, wanda ya tsara nunin kuma Allon Schoener, dukansu Turawa. An cika ɗakunan da manya-manyan hotuna da muryoyin da aka naɗa, amma babu zane ko sassaƙa ko ɗaya na Baƙar fata. Masu fasaha irin su Benny Andrews da Cliff Joseph suka kafa ƙungiya, suka yi ta zanga-zanga a ƙofar gidan. Hujjarsu ita ce, an mai da mutanen Harlem abin kallo, an hana su bakin magana, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai abubuwa uku a cikin wannan rikici da suka shafi batunmu.

Na farko, gabatarwar littafin da ya raka nunin aikin aji ne na wata yarinya 'yar sakandare daga Harlem. Wasu maganganun da ke ciki game da dangantakar Baƙaƙe da Yahudawa sun fusata jama'a, har magajin garin, John Lindsay, ya yi tir da su, aka janye littafin daga kasuwa. Daga baya ta bayyana cewa yarinyar ta ɗauko wasu daga cikin maganganun ne daga littafin wasu malaman zamantakewa biyu, Glazer da Moynihan, kuma masu shirya littafin ne suka sa aka cire alamun da ke nuna inda ta ɗauko su, don rubutun ya yi kama da muryarta. Ke nan an ari bakinta an ci albasa, aka bar ta da warin.

Na biyu, a wajen tattara hotunan nunin ne aka gano taskar James Van Der Zee, wanda aka haifa a 1886, ya rasu a 1983. Ya shafe shekaru da dama yana ɗaukar hotunan mutanen Harlem a shagonsa: angwaye da amare, sojoji, 'yan makaranta, limaman coci, har da mamata. A 1924 shi ne mai ɗaukar hoton ƙungiyar Marcus Garvey. Yakan tsayar da mutum gaban labule mai zane, ya gyara hoton da hannu, don mai hoto ya fito yadda yake so a gan shi. Nunin ya sa sunansa ya bazu, amma a shekarar ce aka fitar da shi daga gidansa saboda bashi.

Na uku, cikin waɗanda suka je kallo akwai wani ɗan sakandare daga unguwar Queens, Dawoud Bey, haifaffen 1953. Ganin hotunan Baƙaƙen mutane a bangon babban gida irin wannan ya sa ya rungumi kyamara. A 1975 ya fara ɗaukar hotuna a titunan Harlem, a 1979 kuma aka nuna su a gidan Studio Museum da ke unguwar. Nuni ɗaya ke nan ya jefa wata yarinya cikin abin kunya, ya kuma buɗe wa wani yaro hanyar sana'a, ba tare da gidan ya yi tanadin ko ɗayansu ba.

4.0 Daga Dace zuwa Tsari

Shi gidan Studio Museum an buɗe shi ne a 1968, a wani bene na haya, domin masu fasaha 'yan asalin Afirka. A 1982 ya koma wani tsohon ginin banki a kan titi na 125, kuma ya daɗe yana riƙe da wani ɓangare mai yawa na taskar Van Der Zee.

A shekarun 1990 wasu gidaje suka fara kafa shirye-shirye masu ɗorewa domin matasa. Cibiyar Walker ta birnin Minneapolis ta kafa majalisar matasa a 1996, gidan Whitney na Niyu Yok ya fara nasa shirin a 1997. A 2001 Studio Museum ya fara wani shiri mai suna Expanding the Walls, watau faɗaɗa bangayen gida. Ana zaɓen 'yan sakandare kaɗan su yi wata 8 suna koyon ɗaukar hoto, suna nazarin hotunan Van Der Zee, suna tattaunawa da masu fasaha. A ƙarshe sai a rataye hotunansu a nunin gidan, kowa da sunansa.

Idan aka lura, kowane sashe na wannan tsari amsa ce ga ɗaya daga cikin kurakuran 1969. Tsawon lokacin yana ba matashi damar ya yi kuskure ya gyara tun aikinsa bai fita bainar jama'a ba. Ƙarancin ɗalibai yana sa mai kula da shirin ya san kowanensu. Taskar Van Der Zee kuwa tana nuna wa yaro cewa akwai wanda ya riga shi ɗaukar hoton waɗannan tituna, ya kuma yi shi da mutunta mutane. Daga nan ne tambayoyin ɗa'a ke tasowa: shin an nemi izinin wanda aka ɗauka? Shin zai yarda da yadda aka nuna shi?

A nan ne nauyin mai kula da shiri yake. Shi ne ke tsaye tsakanin ɗalibai da iyaye da makarantu a gefe ɗaya, da masu tsara nuni da masu ba da kuɗi a ɗaya gefen. Jarrabawarsa mafi wuya ita ce ya taimaki matashi ya inganta aikinsa ba tare da ya sa masa magana a baki ba, ya kuma hana gidan mai da yaran kayan talla.

A 2015 gidan Whitney da Walker da wasu gidaje biyu na Houston da Los Angeles suka fitar da wani bincike a kan tsofaffin ɗalibansu, wanda ya nuna cewa tasirin irin waɗannan shirye-shirye yana bin mutum har bayan ya girma. A 2021 kuma Metropolitan da Studio Museum suka haɗa gwiwa wajen adana taskar Van Der Zee, mai ɗauke da hotuna wajen 20,000 da finafinan wanke hoto wajen 30,000.

5.0 Kammalawa

An ga yadda matashi ya tashi daga baƙon da ba a tanadar masa wuri ba, ya zama mai zaɓen abin da za a nuna a zamanin D'Amico, sannan ya zama mai aikin da ake ratayewa a bango da sunansa. An kuma ga cewa wannan canji bai samu ba sai da mutanen Harlem suka yi tsayin daka a 1969. Duk malami ko ma'aikacin gidan tarihi da ke son ya kafa irin wannan shiri, kafin ya nemi kuɗin kyamara, ya kamata ya fara amsa tambayoyi uku: wa zai zauna da yaran har tsawon watanni, wace taska ta al'ummarsu za a buɗe musu, kuma wa ke da magana ta ƙarshe a kan hoton da za a rataye.