Tarihin Na'urar Auna Bugun Zuciya: Daga Bokitin Ruwan Gishiri Zuwa Agogon Hannu



Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da nake so mu waiwaya a yau shi ne na'urar nan da likita ke manna wa majinyaci wayoyinta a ƙirji, ta zana bugun zuciyarsa a takarda, watau wadda ake kira ECG. Tarihinta tarihi ne na matsaloli uku: yadda za a ji wutar zuciya, yadda za a kai labarinta nesa, da kuma yadda za a karanta shi.

Mu fara da ta farko. A shekarar 1791 Luigi Galvani, wani malami a birnin Bolonya ta Italiya, ya wallafa bincikensa kan yadda ƙafar kwaɗo ke motsi idan lantarki ya taɓa jijiyarta. A 1842 Carlo Matteucci ya nuna cewa kowane bugun zuciya yana tafe da 'yar wutarsa. Sai dai wutar ba ta taka kara ta karya ba, domin a fatar mutum ƙarfinta misalin kashi ɗaya ne cikin dubu na ƙarfin batirin tocila. Sai a 1887 Augustus Waller ya iya zana ta daga jikin ɗan Adam a Landan, amma zanen bai fito sosai yadda likita zai dogara da shi ba.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Willem Einthoven na Jami'ar Leiden a ƙasar Holan. A 1895 ya raɗa wa gaɓoɓin zanen sunayen P, Q, R, S da T, waɗanda har yau da su ake amfani. Tsakanin 1901 da 1903 ya ƙera na'urarsa: wani siririn zare mai rufin azurfa, an miƙe shi tsakanin bakin maganaɗisu biyu. Idan wutar zuciya ta bi ta cikinsa sai ya girgiza, a ɗauki hoton inuwarsa. Majinyaci kuwa sai ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri. Nauyin na'urar ya kai kilo 270, kuma sai da mutum biyar take aiki. Wannan aiki ne ya jawo masa lambar Nobel a 1924.

Nauyin nan shi ya haifi matsala ta biyu. Na'ura tana ɗakin bincike, majinyata suna asibiti. Saboda haka a 1905 Einthoven ya haɗa wuraren biyu da wayar tarho, tazarar kilomita ɗaya da rabi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Norman Holter na jihar Montana a Amurka ya lura cewa ciwon zuciya ba ya jiran lokacin ganin likita. Sai ya ƙera na'urar da ake goyawa, mai nauyin kilo 38, tana aika bugun ta rediyo. Jikokinta na yau sun shiga aljihu.

Da na'urori suka ƙanƙance suka yawaita, sai tambaya ta sauya: ta wace hanya saƙo zai bi kafin batir ya ƙare? Aika saƙo nesa ya fi komai cin batir. A shekarar 2000 Wendi Heinzelman da abokan aikinta a cibiyar MIT suka kawo tsarin da ake kira LEACH. Na'urorin sukan kasu rukuni-rukuni, ɗaya ta tattara saƙon sauran ta aika, sa'an nan shugabancin ya riƙa zagayawa kamar kwasar adashi, don kada wahala ta kashe guda ɗaya.

Matsala ta uku ita ce karatu. Zuciya tana bugawa kimanin sau 100,000 a kwana guda, ba kuwa likitan da zai zauna ya duba su ɗaya bayan ɗaya. A 1985 Jiapu Pan da Willis Tompkins na Jami'ar Wisconsin suka fito da dabarar da kwamfuta za ta gane kowane bugu. Da farko a tace hayaniyar tsoka da ta wayar lantarki, kamar yadda ake rairaye gari. Daga nan a auna saurin hawan zanen, a ƙara fito da tsininsa, a ƙirga. A wannan shekara kuma kamfanin Xilinx ya fitar da ƙwayar lantarki irin wadda ake sake wa tsari bayan an ƙera ta. Ƙwaya ta yau da kullum rubutu ce a kan dutse. Wannan kuwa allo ce, a wanke a sake rubutu. Ashe ke nan ana iya gyara dabarar tacewa ba tare da an sayi sabuwar na'ura ba. Zuwa 2018 har agogon Apple Watch ya soma zana bugun zuciya.

To, ina ruwanmu da wannan? Ga misali guda. Wutar lantarkin Nijeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Na'urar da aka saita ta tace 60, idan aka kawo ta nan ba a gyara saitin ba, sai zanen ya cika da kaɗawar wuta, har ta iya rufe abin da likita ke nema. Don haka ma'aikacin gwamnati da ke sa hannu a takardar sayen kayan asibiti ya kamata ya tambaya: wa zai saita, wa zai gyara, wa zai karanta?

Ku kuma ɗalibai, ku lura cewa Einthoven likitanci ya karanta, amma sai da ya ƙware a lissafi da kimiyyar lantarki. Holter kuwa ba likita ba ne sam. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muddin ɗalibin likitanci da na injiniya ba su zauna teburi guda ba, to, za mu daɗe muna sayen abin da ba mu iya gyarawa.