Tsoron allura a wajen awo: daga ina muka gado shi?

Shekaranjiya ƙanwata mai juna biyu ta dawo daga awo ba ta karɓi allurar sarƙe-haƙora ba, wato tetanus. Na ce me ya faru? Ta ce, "Yaya, a kan layi wata ta ce min tana tsayar da haihuwa." Ban yi mata faɗa ba, don tun tana goye ake yin wannan maganar.

Jama'a, tsoron nan yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin zana na Kano da yara kusan 200, aka ba wajen rabinsu sabon maganin. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ba ne, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Trovan magani ne, ba rigakafi ba, amma ina ruwan uwar da ta binne ɗanta da wannan bambancin?

Shi ya sa a 2003, da aka ce an saka maganin hana haihuwa a ɗigon shan inna, maganar ta samu wurin zama. Kano ta dakatar da rigakafin, sai a Yulin 2004 aka ci gaba, bayan an sake gwaje-gwaje an kuma kawo maganin daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da ta shanye wa ƙafa a lokacin, yau magidanta ne a unguwanninmu. Waɗanda aka ɗiga wa kuwa, wa bai halarci sunan 'ya'yansu ba?

To, waccan jita-jitar ce ta sauya riga ta biyo mata wajen awo. Ita kuwa sarƙe-haƙora ta cibiya take shiga, idan aka yanke ta da reza marar tsafta ko aka shafa mata wani abu. Jariri ya yi kwana biyu yana shan nono lafiya, sai baki ya ƙi buɗuwa, jiki ya sandare, sau da yawa kafin suna ko jim kaɗan bayansa. Ba shi da garkuwa sai wadda uwa ta ba shi tun yana ciki. Allura biyu ne a cikin fari, da tazarar aƙalla mako huɗu, biyar kuma ke kare mace tsawon shekarun haihuwarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai 787,000 ne cutar ta kashe a 1988, zuwa 2018 suka koma wajen 25,000.

Ban ce a daina tambaya ba. Abin da 1996 ta koya mana shi ne mu tambaya: mene ne wannan, me yake yi? Haƙƙin mai ciki ne a amsa mata ba tare da tsawa ba. Amma a tambayi ma'aikaciyar jinya, ba maƙwabciyar layi ba.

Ni da mijinta mun yi magana, ranar Litinin shi zai raka ta. Magidanta, ku duba katin awon iyalanku yau. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a.