Shin Boudjedra Ya "Koma Gida"? Gyara ga Wata Fahimta

Akwai wata fahimta da ta yi kaka-gida a nazarin adabin Aljeriya, wadda ke kasa rayuwar Rachid Boudjedra kashi uku: ya fara rubutu da Faransanci, ya tuba ya koma Larabci a farkon shekarun 1980, sannan da tura ta kai bango a shekarun 1990 ya sake tsallakawa Faransanci. A wannan karatun, harshe mubaya'a ce, duk wanda ya yi rubutu da biyu kuma ya ci amanar ɗaya. A ganina wannan kason ya fi daɗin koyarwa a aji fiye da yadda ya dace da littattafan mutumin.

Tarihinsa sananne ne: haihuwa a Aïn Beïda a 1941, karatu a makarantar Sadiki ta Tunis, shiga gwagwarmayar neman 'yanci ta ƙungiyar FLN, falsafa a Sorbonne (dubi hirarrakinsa da Hafid Gafaïti, 1987). Abin da ake yawan tsallakewa shi ne littafinsa na farko, Pour ne plus rêver na 1965, diwanin waƙa ne, kuma ya sake fitar da diwani bayan ya rungumi Larabci.

Wanda ya fi kowa tsayawa kan cewa harshe shi ke nuna ɗan ƙasa shi ne Tahar Ouettar, marubucin Aljeriya mai rubutu da Larabci. Bayan kisan Tahar Djaout, Ba'aljeriyen marubuci mai rubutu da Faransanci, a 1993, an ji shi yana cewa rashin na iyalinsa ne da Faransa. Maganar ta yi muni, amma akwai hujja a ƙarƙashinta da ya kamata a amsa: shekara 132 na mulkin mallaka sun tauye Larabci a makarantun ƙasar, har marubuci Malek Haddad ya daina ƙagaggen rubutu bayan 'yanci saboda yana jin Faransanci ya mai da shi baƙo a gidansu. In an bi wannan ma'auni, Al-Tafakkuk, littafin da Boudjedra ya koma Larabci da shi, shi ne dawowar ɗa gida, littafinsa na Faransanci FIS de la haine na 1992 kuwa shi ne ficewarsa.

To amma wane gida? Larabcin da Boudjedra ya rubuta na littafi ne, wanda ake koya gaban malami. Abin da uwa ke yi wa ɗanta magana da shi a Aïn Beïda darija ce, wato Larabcin baka, ko Shawiyanci, harshen Berber na yankin. Bahaushen da ya wanke allo ya san tazarar da ke tsakanin Larabcin da ya haddace da maganar da ake yi a bakin murhu, ko da yake tazarar Ba'aljeriye ba ta kai tasa ba. Harsunan rubutun Boudjedra duka biyun a makaranta ya same su.

Hujja mafi ƙarfi, a nawa hangen, tana cikin La Répudiation na 1969. Labarin saki ne: attajiri Si Zoubir ya saki uwar 'ya'yansa ya auro yarinya 'yar shekara 15. Amma wa ake ba labarin? Rachid, mai ba da labarin, yana kwance a ɗaki yana zayyana shi ga Céline, Bafaranshiya. Yana kwashe abin da ya faru cikin Larabcin tsakar gida yana juye wa wadda ba ta san zaman uwargida da amarya ba, yana maimaitawa, yana warwarewa, yana sake ƙullawa. Tafinta ne tun a shafin farko, shekara goma sha biyu kafin abin da ake kira tubar marubucin. Dogayen jimlolinsa masu juyawa kan kalma ɗaya, mai yiwuwa, daga kunnen mawaƙi suka fito, kuma sun bi shi cikin Larabcin ba tare da sun sauya hali ba.

A nan dole in rage faɗin da'awata. Wasu littattafansa na Larabci, irin su La Prise de Gibraltar, Antoine Moussali ne ya mayar da su Faransanci tare da haɗin gwiwar marubucin, don haka ba kowace jimlar Faransanci ce za a ɗora masa shi kaɗai ba. Inda za a iya kafa hujja da gaske shi ne inda ya fassara kansa da hannunsa, kamar Le Démantèlement na 1982, fassarar Al-Tafakkuk.

Saura FIS de la haine. Gaskiya ne da Faransanci ya rubuta shi, a Faris aka buga shi. Sai dai littafin raddi ne na siyasa, wanda aka rubuta cikin shekarar da aka soke zaɓe, ƙasar ta afka cikin yaƙin basasa, mai shi kuma yana cikin waɗanda ake farautar ransu. Ina kyautata zaton ya nufi kunnen Turai ne, inda yake ganin ana yi wa FIS, jam'iyyar masu kishin Islama, uzuri. Da a ce ficewa ya yi, da littafinsa Timimoun bai fito a 1994 cikin harsunan biyu ba.