Yadda Kwamfuta Ta Koyi Bin Rassan Folda

'Yan uwa marubuta, tsarin folda cikin folda da muke adana labaranmu, masu gina Multics a Amurka ne suka bayyana shi a 1965, daga baya Unix ta gaje shi. Dabarar bin rassansa kuwa ta girme shi: tun 1958 John McCarthy ya fito da harshen Lisp, inda umarni ke iya kiran kansa. In ya tarar da fayil ya ɗauki sunansa, in folda ce ya sake kiran kansa a kanta, ya haɗa sakamako bai sauya komai ba. Wannan ne ya fi burge ni. Amma ranar da wani reshe ya yi nuni baya zuwa gindi, sai umarnin ya yi ta zagaye ba tsayawa. Dole aka koya masa tuna inda ya riga ya bi.